Hannun Egya Abaka

Wani dare bayan isha'i, muna shan iska a tsakar gidanmu na haya a unguwar Adabraka ta birnin Accra, sai aka ji wani sauti daga ɗakin baya. Ya yi kama da ana jan tsohon gadon ƙarfe a kan siminti, gadon kuma yana roƙon a bi shi a hankali. Maame Adukwei, mai sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi a ƙofar gida, ta saki ganyen masarar da take naɗi da shi ta kira sunan Yesu. Ni kuwa tun tasowata abin da ba a gane kansa ba shi ke jana, don haka na ɗauki fitila na nufi ɗakin, Maame na biye da ni tana riƙe da bayan rigata.

Mutum huɗu muka tarar sun yi da'ira, kowa da gogen Turawa. Mace ɗaya doguwa mai gajeren gashi da wani siririn saurayi suna riƙe da ƙanana a ƙarƙashin haɓa. Wata yarinya mai tabarau tana da wanda ya ɗan fi nasu girma. Na huɗun ƙato ne, ya rungume wani babban goge tsakanin gwiwoyinsa, yana jan izga a can ƙasan tsirkiya, inda ba a saba taɓawa ba. Daga nan sautin yake fita.

Maame ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Wa ake yankawa?"

Ƙaton ya ce, "Maame, kiɗa ne."

"Kiɗa? To, Allah ya ba shi lafiya."

Haka muka san su. Doguwar ita ce Araba, Bafantiya, ita ce shugabarsu. Siririn shi ne Senanu, yarinyar Dzifa, dukansu Ewe ne. Ƙaton kuma Laryea, ɗan ƙabilar Ga, haifaffen bakin teku, wanda bai iya wuce teburin Maame ba tare da ya tsaya ba. Suna da suna mai nauyi da suke bugawa a jikin fosta, amma unguwa ta raɗa musu Kuliyoyi Huɗu, kuma shi ya bi su har furfura.

Na ajiye benci a bakin ƙofarsu, ba su kore ni ba. A nan na ga abin da ya fara ba ni mamaki: babu mai tsaya musu da sanda, babu mai ƙirga musu. Idan za su fara, Araba za ta ja numfashi ta hanci, gajere, kamar wadda ta ji ƙamshin miya daga maƙwabta, sai su huɗun su faɗa cikin kiɗan a tare. Idan za su ƙare ma haka. Laryea yakan ce ran da mura ta kama Araba, ranar ba su da aiki.

Suna da ƙa'ida guda ɗaya wadda Araba ta kafa tun ranar farko: ba sa buga kiɗan wanda ya mutu. Ta yi karatu a ƙasar sanyi, ta daɗe a layin baya na wata babbar ƙungiya tana maimaita kiɗan mutanen da ƙasusuwansu suka riga suka zama ƙasa. Ta dawo gida da rantsuwa a bakinta. Takan ce, "Matattu suna da masu yi musu kiɗa a kowane gari na duniya. Masu rai ne marayu." Saboda haka sai wanda yake numfashi, wanda za a iya kira a tambaye shi abin da yake nufi da wannan layi, a yi masa gardama, ya ji haushi. In labari ya zo cewa wani mai rubuta musu kiɗa ya rasu, Senanu zai tattara takardunsa, ya ɗaure da jan ƙyalle irin na makoki, a ɗora a saman kabad. Ba a ƙara saukewa.

Wannan ƙa'ida ta rufe musu ƙofofi da yawa. Masu biki suna son tsofaffin kiɗa masu daɗi da amarya za ta yi tafiya a kai, Araba ta ce a nemi wasu. Wasansu na farko a zauren al'adu, kujeru sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba, kuma rabin mutanen dangin Laryea ne, waɗanda suka zo da zaton za a yi rawa. Amma a hankali sai wasiƙu ɗauke da sabon kiɗa suka fara zuwa daga Dakar, daga Kampala, har daga ƙasashen da ban san inda suke a taswira ba. Wani ya rubuta a goga tsirkiya da matajin kai. Wata ta rubuta kowannensu ya raɗa sunan kakarsa a cikin ramin gogensa kafin ya fara. Wannan na fi so, domin na sha tunanin ko sunayen suna nan a ciki har yanzu, suna kewaya cikin katako. Daga baya aka fara aiko musu da tikitin jirgi. Sukan tafi su yi wata guda, su dawo da manyan riguna masu nauyi da ba su da amfani a Accra, da labarin zauruka cike da mutane da ba sa ko tari. A gida kuwa Kuliyoyi Huɗu ne, Maame tana buga musu ƙofa idan ta ga kifinta bai ƙare ba, wai su ne suke korar mata masu saye.

Cikin duk masu rubuta musu kiɗa, ɗaya ne yake zuwa da ƙafarsa. Egya Abaka tsohon malamin kiɗa ne a wata kwalejin horar da malamai, mutumin wani ƙaramin gari a gaɓar Fante. Gajere ne, yana yafa zane a kafaɗa ko da ana ruwa, aljihunsa kullum da gyaɗa. Shi ya rubuta wancan kukan gadon da ya tashe mu, ashe ƙarar igiyar kwalekwale ce idan tana gogar itace. Kiɗansa ne ya fara fitar da sunansu waje. Araba ɗalibarsa ce tun tana ƙarama, shi ya fara ɗora mata goge a kafaɗa, kuma ba na jin akwai mutum biyu a duniya da suka fi su son juna ta hanyar faɗa.

Wata ranar Asabar ya zo da takardu masu kauri a cikin leda. Ya ce wannan ne babban aikinsa, bayan shi ba shi da sauran abin faɗa. Suka shimfiɗa takardun a ƙasa suna bi, Laryea yana gunguni, Dzifa tana bin layi da yatsa. Da suka kai shafin ƙarshe Araba ta tsaya.

"Egya, mene ne wannan?"

"Kin iya karatu, ni na koya miki."

"An rubuta mu riƙe sautin ƙarshe har sai mai kiɗan ya sauke hannunsa. Wane mai kiɗa?"

"Ni mana. Zan zauna a layin gaba. In kun shiga sautin ƙarshe in ɗaga hannu, ku riƙe. In na sauke, ku tsaya."

"Mu huɗu ne, Egya. Ba mu da na biyar."

"Ban ce ku ba ni goge ba. Hannu kawai."

"Numfashina ke buɗewa, numfashina ke rufewa. Haka muke tun farko."

Tsohon ya ɓare gyaɗa ya watsa a baki. Ya ce a garinsu idan masunta suna jan koma daga teku, waƙar jan igiya ba ta ƙarewa don mai bayar da waƙa ya gaji. Akwai dattijo a gefe wanda ƙarfinsa ya ƙare, ba ya ja, ba ya waƙa, hannunsa kawai yake sama yana kallon ruwa. Sai ya sauke ake shiru. Ya ce, "Na tsufa ina ba ku sauti, ku tafi da shi ƙasashe, ni ina gida ina jin labari. Sau ɗaya nake so in kasance a cikin kiɗana."

Senanu ya ce, "To idan barci ya kwashe ka fa, Egya, hannu a sama? Mu kwana a nan?"

"Kai, ɗan ƙadangare, tun kana cikin ciki na riga na san yadda ake zama a farke."

Aka yi dariya, ban da Araba. Ta ce ya goge layin nan ɗaya, gobe su fara gwaji. Ya ce ta bar layin, ko bayan shekara goma ne zai jira. Ta ce idan ta yarda yau, gobe kowane mai rubutu zai zo da kujerarsa. Ya ce shi ba kowa ba ne. Ta mayar da takardun cikin ledar, ta sa a cikin kabad, ba a sama ba, a ciki, tare da na masu rai.

Na ɗauka rigimar mako guda ce. Amma kowannensu irin mutanen nan ne da in sun taka ƙasa sai ƙasar ta gaji. Egya bai daina zuwa ba. Yakan zauna tare da ni a benci, mu raba gyaɗa, ya saurare su suna gwada kiɗan wasu. In zai tafi sai ya ce da ni a hankali, "Malam Mumuni, sun buɗe ledar?" In ce ban gani ba. Ya gyaɗa kai ya gyara zanensa. Bai sake rubuta musu ko layi ɗaya ba, bai kuma ba wasu wancan ba, ko da yake an nema daga waje. Su kuwa suna ta tafiye-tafiye. Dzifa ta yi aure ta haihu, Senanu ya yi sanƙo, gwiwoyin Laryea suka fara ƙara fiye da gogensa. Lokaci zuwa lokaci Laryea yakan ce, "Yaya Araba, ledar nan fa," ita kuma ta ce, "Ya san inda abin gogewa yake."

Ana nan kawun Egya ya rasu, dangi suka zo suka kama shi suka ɗora a kujerar sarautar unguwarsu. Ya koma garinsu, bencina ya zama nawa ni kaɗai. Bayan wasu damuna sai muka ji ya faɗi a banɗaki. Laryea ya hau mota ya je duba shi, ya dawo da yamma, bai ko kalli teburin Maame ba. Ya shiga ɗakin gwaji ya zauna ba tare da ya buɗe akwatin gogensa ba.

Araba ta ce, "Yaya jikin nasa?"

"Hannun da kike ta faɗa da shi ya riga ya sauka. Na daman. Ba ya motsi."

Araba ta juya ta dubi kabad.

"Ya ce in gaya miki na hagun yana nan. Yana ɗaga shi kowace safiya don kada ya manta yadda ake yi. Ya nuna mini. Yana kai shi har nan." Laryea ya kai hannu daidai kunnensa.

Araba ta tashi ta buɗe kabad. Ledar ta manne da takardun, sai da aka ɓanɓare ta a hankali.

Ban taɓa jin abu mai wuya irin wannan kiɗan ba, kuma na ji masu wuya. Yana farawa kamar mutane da yawa suna magana a nesa cikin iska. Akwai wurin da Dzifa take jan sauti guda su ukun suna fizgarsa daga hannunta, akwai wurin da Laryea yake buga cikin gogensa da tafin hannu kamar ruwa na dukan gefen jirgi. In na rufe ido nakan ga igiya doguwa tana fitowa daga teku ba ta da ƙarshe, ko da yake Senanu ya ce mini wannan yunwa ce, in je in ci abinci. Duk ran da suka kai sautin ƙarshe a gwaji, Araba takan sauke gogenta kawai ta ce, "Nan nasa ne," su koma farko.

Laryea ya so su kwashi kaya su tafi garin a makon nan, su buga masa a ɗakinsa yadda ya samu.

Araba ta ce, "Bayan duk shekarun nan in kai masa ɗanyen tuwo? Tsakiyar ba ta nuna ba. Kai kanka kana shigowa a makare."

"Yaya, mutumin nan kunnensa yake so ya ji, ba jarrabawa zai ba mu ba."

"Ba ka san shi ba ke nan. Zai ji kuskuren, zai kuma faɗa a gaban mutane."

"To ya faɗa mana! Ai bakinsa na aiki."

Ta ƙi. Ta ce za a yi shi a zaure, da fitilu, da kujerarsa a layin gaba, a ɗauko shi a mota mai kyau, duk Accra ta ga hannun. Aka kama zaure, aka sa rana. Da ranar ta matso ta ga har yanzu tsakiyar ba ta kwanta mata ba, ta ɗaga zuwa bayan Ista. Aka buga fosta da sunansa, an rubuta a ƙasa cewa mai kiɗan zai halarta.

Saura kwanaki kaɗan sai ga Ekua, 'yar ƙanwar Egya da ke jinyarsa. Ta zo da rana tsaka cikin atamfa mai fure, ba baƙi ba ja a jikinta. Ta gaishe da kowa, ta karɓi ruwa ta sha, ta tambayi lafiyar yaran Dzifa. Sannan ta dubi ƙasa ta ce, "Egya ya tafi ƙauye."

Duk wanda ya zauna da Fante ya san ƙauyen da mai sarauta yake tafiya: ba a cewa ya mutu sai dangi sun yi shela. Dzifa ta cire tabarau. Araba tana tsaye da izga a hannu, ta ci gaba da shafa mata ƙaro, tana shafawa, tana shafawa, har ƙurar ta yi fari a yatsunta. Senanu ya tashi, ya jawo jan ƙyalle daga aljihun kabad, ya fara tattara takardun daga kan matokaran da suke ɗora su.

Laryea ya ce, "Dakata, ɗan ƙadangare." Ya juya ga baƙuwar. "Ekua, dattawa sun zauna?"

"Ba su zauna ba. Shugaban dangi yana Takoradi, sai ya dawo."

"An aika wa manya da kwalbar giya ta sanarwa? An buga gangar shela?"

"Ba a yi ba. Ni ma don ku ne na zo, kada a ji daga bakina."

"To yanzu in na je garinku na tsaya a kasuwa na tambayi Egya, me za a ce mini?"

"Ya tafi ƙauye."

"In na ce ya mutu fa?"

Ekua ta zaro ido. "Yaya Laryea, rufa mini asiri! Sai ka yanka rago."

Laryea ya buɗe hannuwa ya dubi Araba. "Kin ji. Mutumin da ya tafi ƙauye yana da rai. Mayar da takardun nan, Senanu."

Araba ta ce, "Ƙarya ce, kai ma ka sani."

"Gari guda ne suke faɗinta, da sarkinsu da limamin cocinsu. Ke wace ce da za ki ƙaryata su? Kina da ragon?"

"Na kafa ƙa'idar nan don mai kiɗa ya ji kiɗansa. Zai ji?"

"Ba zai ji ba. Wannan ya wuce, mu muka bari ya wuce." Ya nuna saman kabad da yatsa. "Amma ran da aka buga gangar nan, takardun nan za su hau saman kabad, ke kuma na san ki, ko za ki mutu ba za ki sauke su ba. Bai ba kowa ba sai mu. In ba mu buga yanzu ba, babu kunnen da zai taɓa ji."

Dzifa, wadda sai a wuni ba a ji bakinta ba, ta ce, "Fosta ta ce zai halarta. Ba sai mun canza komai ba."

Araba ta daɗe tana kallon jan ƙyallen a hannun Senanu. Daga ƙarshe ta ce ya mayar da shi aljihu.

Sai maganar hannu ta taso. Senanu ya ce abu mai sauƙi ne, Ekua jininsa ce, ta zauna a kujerar ta ɗaga hannu a madadinsa.

Ekua ta ja da baya har ta bugi ƙofa. "Ni? In zauna a kujerar da aka rubuta sunansa, in yi aikinsa a gaban jama'a? Ai na gaje shi ke nan. Ana gadon mai rai ne? Kafin in isa gida labari ya riga ni."

Senanu ya ce, "To Malam Mumuni ya yi."

Na ce ko ni ko wani, duk wanda ya zauna a wurin ya yi shelar da dangi ba su yi ba. Laryea ya sosa ƙeya. Dabarar da ta buɗe musu ƙofa ita ce ta hana kowa taɓa kujerar.

Senanu ya ce, "Shi ke nan, Yaya Araba. Ki ja numfashinki kamar kullum mu tsaya. Ai abin da kike so ke nan tun farko."

Bai faɗa da mugunta ba, amma na ga yadda maganar ta shige ta. Ta ɗauki gogenta ta ce a koma tsakiya, Laryea yana shigowa a makare.

Ranar wasan Maame Adukwei ta rufe teburinta da wuri, abin da ko ranar auren 'yarta ba ta yi ba. Ta ce tsohon nan ya ci dokununta shekara da shekaru bai taɓa cewa ya yi tsami ba, za ta je ta gaishe shi. Ban gaya mata komai ba, ba ni da rago. Ta sha ɗaurin kai mai tsayi, muka hau mota tare. Zauren bai cika ba, amma ya fi kullum: tsofaffin ɗaliban Egya, wasu Turawa, 'yan jarida biyu ko uku, da Ekua can baya kusa da ƙofa. A tsakiyar layin gaba akwai kujera da farar takarda manne da sunansa. Mutane suna dubanta suna duban ƙofa. Wani a bayanmu ya ce hanyar Kasoa ce, cunkoso ya riƙe shi. Wannan shi ne zama na ƙarshe da su huɗun suka yi a gaban jama'a, ko da yake a ranar babu wanda ya san haka.

Suka fito cikin fararen kaya, domin baƙi zai tona asiri. Araba ta dubi kujerar, ta ɗan rusuna mata kamar yadda ake yi wa mai kiɗa idan yana zaure. Ta ja numfashi, suka shiga.

Sun buga shi yadda ban taɓa ji a ɗakin baya ba. Tsakiyar ta kwanta, Laryea ya shigo a kan lokaci. Maame, wadda na zata za ta yi gyangyaɗi, ta kama gefen kujerarta, a wurin dukan ruwan nan har tana karkata jiki kamar tana cikin kwalekwale. Ni dai zuciyata tana wurin shafin ƙarshe, ina jin yana matsowa.

Suka iso. Sauti huɗu suka haɗu suka zama ɗaya, siriri, a miƙe. Sai na ga su huɗun sun ɗaga ido daga takarda a tare sun dubi layin gaba, domin haka aka rubuta, kuma su mutane ne da suka tsufa suna yin abin da aka rubuta.

Izga tana da iyaka. In ta kai ƙarshe sai a juyo da ita a hankali yadda kunne ba zai ji gaɓar ba. Suka juyo, suka sake juyowa. Senanu ya saci kallon Araba yana jiran hancinta. Laryea ma ya dube ta, ya ɗaga gira. Ita kuwa idonta yana kan kujerar, leɓɓanta a rufe, tana numfashi a hankali ta yadda ba wanda zai ɗauke shi a matsayin alama. Wani ya yi tari ya haɗiye. Fankar sama tana juyawa. Gumi ya gangaro daga sanƙon Senanu ya ɗiga a kan gogensa.

Dzifa ce ta fara saki. Kafaɗarta ta daɗe tana damunta, sautinta ya tsinke, ta ɗora gogen a cinya ta sunkuyar da kai. Bayan wani lokaci Senanu ya bi ta. Laryea ya daure, ya daure, babban sautinsa yana ƙasa kamar tabarma an shimfiɗa wa na Araba, hawaye na bin kumatunsa bai share ba, har shi ma izgarsa ta tsaya a tsakiyar tsirkiya.

Saura ita kaɗai. Sautin ya rame ya zama kamar zaren gizo-gizo. Yana karkarwa, ya ɓace, ya dawo. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Ba ta ja numfashin nan ba. Hannunta ne ya gaza, izgar ta zame daga kan tsirkiya ta bugi gefen katako, ƙwas, ta rataye a yatsunta. Ko a haka ba ta sauke gogen daga haɓarta ba.

Babu wanda ya tafa, domin babu wanda ya ga alamar da ake tafawa a kanta. Su huɗun suna zaune, mu ma muna zaune. Can baya na ji ƙofa ta buɗe ta rufe, Ekua ta fita.

Maame Adukwei ta dubi kujerar, ta dubi dandamali, ta dube ni. Ita ba ta iya raɗa ba, ko ta yi niyya. Muryarta ta kai har inda Araba take.

"To, ya ƙare ke nan, ko gajiya suka yi?"